Tarihin Rayuwar Umar Hayyam da Gyaran da ya yi wa Mafarin Shekara

Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyar da take gane shigowar lokutan shekara. Manomin ƙasar Hausa ba ya duba takarda kafin ya ce damina ta faɗi, ruwan shuka ne ke gaya masa, kamar yadda iska mai ƙura ke sanar da shi cewa hunturu ya kama. To, amma ruwa da iska ba su da alkawari, bana su yi sammako, baɗi su makara. Saboda haka duk hukumar da ke son ta yanka wa jama'a ranar biyan haraji ko ranar biki, tilas ne ta nemi wata alama wadda ba ta saɓawa. Wannan maƙala ta ƙunshi tarihin wani masani na ƙasar Farisa, Umar Hayyam, wanda aka ɗora wa nauyin nemo irin wannan alama a ƙarni na 11, shi da abokan aikinsa, suka kuwa samo ta a cikin tafiyar rana. Yawancin masu jin sunansa a yau mawaƙi suka ɗauke shi, alhali mutanen zamaninsa da lissafi da ilmin taurari suka san shi. Maƙalar za ta bi rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa rasuwa, sa'an nan ta tsaya a kan aikinsa mafi daɗewa, watau ɗaure ranar farko ta shekara ga lokacin da dare da yini ke daidaita a watan Maris.

Haihuwarsa da Tasowarsa

Cikakken sunansa shi ne Giyasuddini Abul Fatahi Umar ɗan Ibrahim Alhayyami. Ma'anar Hayyam a Larabci ita ce mai ɗinka tantuna, abin da ya sa ake danganta gidansu da wannan sana'a. An haife shi a Naisabur, cikin lardin Hurasan, wanda a yau ke arewa maso gabashin Iran. Almajiran hadisi sun san sunan wannan birni, domin nan ne mahaifar Imamu Muslim. Wani abin sha'awa shi ne, ita kanta ranar haihuwarsa daga sama aka ciro ta. Marubucin tarihin masana, Zahiruddini Baihaƙi, wanda ya ga Hayyam ido da ido tun yana yaro, ya rubuta matsayin rana da wasu taurari a sa'ar da aka haife shi. A 1941 wani masani ɗan Indiya, Gobinda Tirta, ya bi wannan bayani da lissafi, ya fitar da ranar 18 ga Mayu, 1048, kuma ita ce ake amfani da ita har yanzu.

Hayyam ya buɗe ido ne a lokacin da mulki ke sauya hannu. Shekara 10 kafin a haife shi Turkawan Saljuƙ, a ƙarƙashin Tugril, suka shiga Naisabur, a 1055 kuma suka shiga Bagadaza, halifan Abbasiyawa ya koma ƙarƙashin kariyarsu. Sarakunan mayaƙa ne, amma gudanar da mulki yana hannun magatakarda da wazirai Farisawa, waɗanda suka san darajar malami. A cikin wannan hali ya yi karatu, ya ƙware a Larabci da lissafi da falsafa da likitanci. Bai riski Ibn Sina ba, domin shi ya rasu tun 1037, amma littattafansa ya bi, kuma a kan tafarkinsa ya tsaya har ƙarshen rayuwarsa. Baihaƙi ya ba da labarin kaifin haddarsa, cewa ya taɓa karanta wani littafi sau bakwai a Isfahan, da ya komo Naisabur ya rubuta shi da ka, aka gwada da na asali ba a sami wani bambanci mai yawa ba. Shi Baihaƙin dai bai ɓoye aibinsa ba, ya siffanta shi da zafin rai da rowar koyarwa da ta rubutu.

Akwai wata hikaya da ta bazu, cewa wai Hayyam da waziri Nizamul Mulki da Hasan Sabbah ɗaliban malami ɗaya ne, har suka yi alkawarin duk wanda ya ɗaukaka zai taimaki sauran. Labarin yana da daɗin ji, amma shekaru sun ƙaryata shi, domin an haifi Nizamul Mulki a 1018, ya girmi Hayyam da shekara 30.

Samarƙandi da Littafin Aljabara

Wajen 1070 Hayyam ya tafi Samarƙandi, inda alƙalin alƙalai Abu Ɗahir ya karɓe shi, ya ɗauke masa ɗawainiyar ci da sha. A nan ya rubuta littafinsa na aljabara. Tun farkon ƙarni na 9 Alhawarizmi ya riga ya tsara yadda ake warware matsalolin da abin da ake nema ya ninka kansa sau ɗaya a cikinsu. Hayyam ya ƙara taki guda, ya shiga waɗanda abin da ake nema ya ninka kansa, sa'an nan ya sake ninkawa, waɗanda Larabawa ke kira na ka'abu. Ya kasa matsalolin gaba ɗaya gida 25, ya nuna cewa 14 daga ciki ba su warwaruwa sai ta hanyar zane, watau a zana irin lanƙwasassun layukan da ke fita idan an yanka abu mai siffar mazurari, a duba inda biyu suka gitta juna. Ya faɗi a fili cewa bai sami hanyar fitar da amsoshin da ƙidaya zalla ba, ya bar wa na baya. Sai a ƙarni na 16 masana Italiya suka gano ta, Kardano ya buga ta a 1545.

Wannan aiki ya fito da sunansa. Sarkin Buhara, Shamsul Mulki, ya jawo shi fada, an ma ce yakan zaunar da shi kusa da shi a kan gadon sarauta. Daga nan ne kira ya zo masa daga fadar da ta fi ta Buhara girma, domin a can akwai wata tsohuwar matsala da ke jiran mai lissafi.

Matsalar Shekara mai Gusawa

A ƙasashen da Saljuƙawa suka gada ana tafiyar da al'amura da ƙidaya biyu. Ta farko ita ce shekarar Hijira, wadda ke bin wata, kwananta 354 ko 355. Da ita ake azumi da hajji, amma da yake ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, watanninta suna zagaya lokutan shekara duka a cikin shekara 33, don haka ba ta gaya wa kowa yaushe alkama za ta nuna. Ta biyu ita ce tsohuwar shekarar Farisawa, wadda ake ƙidaya daga hawan sarkinsu na ƙarshe, Yazdajird na Uku, a 632. Ita tana da wata 12 masu kwana 30, da ƙarin kwana 5, jimla 365 cif. Ranarta ta farko ita ce Nauruz, ma'ana sabuwar rana, babban bikin Farisawa, kuma a ita aka saba buɗe karɓar harajin gona.

Illar wannan ƙidaya ita ce, rana ba ta kammala zagayenta a kwana 365, sai ta ƙara kusan sa'a 6. Tun da ba a cike wannan giɓi, kowace shekara huɗu Nauruz yakan matso gaba da kwana ɗaya. A 632 ya faɗo ne ranar 16 ga Yuni, lokacin da hatsi ya nuna, manomi yana da abin biya. Bayan shekara 200 da 'yan kai ya riga ya matso cikin watan Afrilu, amfani yana ɗanye a gona. Albiruni ya kawo labarin halifa Almutawakkil, wanda ya fita farauta ya ga gonaki kore shar, alhali an riga an nemi izninsa a fara karɓar haraji. Da ya tambaya daga ina talakawa za su biya, aka shaida masa cewa bashi suke ci, wasu ma suna barin garuruwansu. Halifan ya ba da umarni a jinkirta Nauruz, amma aka kashe shi a 861 kafin gyaran ya zauna. A 895 halifa Almu'utadid ya sake tayar da maganar, ya mayar da ranar buɗe haraji 11 ga Yuni. Duk da haka Nauruz na jama'a ya ci gaba da gusawa abinsa, har ya zamana a 1079 ya kai 25 ga Fabrairu, sanyi bai ko saki ƙasa ba.

Daga nan za a gane cewa zancen mafarin shekara ya wuce gardamar malamai. Kuskuren sa'a 6 da ba wanda ya ji shi a shekara ɗaya, shi ne ya taru ya zama bashi a wuyan manomi. Abin da masu littafin haraji ke bukata shi ne shekara wadda ke tsaye wuri ɗaya, yadda idan an ce wata kaza, kowa ya san halin da gona ke ciki, bana da baɗi da bayan shekara ɗari.

Daidaiton Dare da Yini

Kafin a fahimci maganin da aka samo, ya kamata a san abin da ke faruwa a sama. Duniya tana juyawa ne a karkace, da kimanin digiri 23 da rabi, tana kuma kewaya rana a haka. Saboda wannan karkata, mai lura zai ga mafitar rana tana tafiya arewa wata shida, tana komowa kudu wata shida. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa layin da ya raba duniya biyu, sau ɗaya a Maris tana kan hanyarta ta zuwa arewa, sau ɗaya a Satumba tana komowa. A waɗannan ranaku takan fito daga gabas sak, ta faɗi yamma sak, dare da yini su yi kusan kai ɗaya a ko'ina. Larabawa suna kiran wannan i'itidali. An ce kusan kai ɗaya ne domin yini yakan ɗara da 'yan mintoci, saboda iskar da ke kewaye da duniya tana lanƙwasa haske, a ga rana tun ba ta gama hudowa ba, kuma ana fara ƙidayar yini ne daga bayyanar gefenta na sama.

A Kano ko Zariya wannan rana takan wuce ba a ko lura ba, domin bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, kuma watan Maris zafi yake kawowa. A Hurasan kuwa al'amarin daban ne. Can akwai sanyi mai ƙanƙara da dogon dare, sa'an nan daga wajen daidaiton Maris yini ya fara rinjayar dare, ƙanƙarar duwatsu ta narke, itatuwa su yi fure. Wannan lokaci shi Larabawa ke kira rabi'i, Farisawa su ce bahar. Masu fassara sukan ara masa sunan bazara, ko da yake bazarar Hausa lokacin zafi ce da jiran ruwa.

To, yaushe ne za a ce wannan lokaci ya fara? Amsar ba ɗaya ba ce. Masu nazarin yanayi na zamanin yanzu daga 1 ga Maris suke ƙidaya shi, domin su sami wata uku cikakku da za su kwatanta zafi da ruwan wata shekara da na wata. A tsohuwar ƙidayar Sinawa yana farawa wajen 4 ga Fabrairu, daidaiton Maris kuwa tsakiyarsa ne. A ƙasashen kudancin duniya, ranar da na arewa ke murnar fita sanyi, su ranar suke fuskantarsa. Masana taurari su ne suka ce a fara daga sa'ar da rana ta ƙetare layin tsakiya zuwa arewa, wadda suke kira shigar rana burujin Hamalu, sunan da malaman hisabi na ƙasar Hausa ma suka sani. Ashe ke nan sama tana ba da alamomi ne kawai, mutane ke zaɓen wadda za su kira mafari, gwargwadon bukatarsu. Fifikon alamar masana taurari shi ne ana iya auna ta, kuma ba ta dogara ga ruwa ko iska ba.

Aikin Isfahan da Kalandar Jalali

Malik Shah ya hau gadon Saljuƙawa a 1072, Nizamul Mulki yana wazirinsa. Masanin tarihi Ibnul Asir ya rubuta cewa a shekara ta 467 ta Hijira, watau 1074 zuwa 1075, sarki da waziri suka tara manyan masana taurari, aka kafa gidan nazarin taurari, aka kashe dukiya mai yawa a kansa. Ya ambaci sunayen uku daga cikinsu: Umar Hayyam, da Abul Muzaffar Al'isfizari, da Maimun ɗan Najib Alwasiɗi. A lokacin Hayyam bai wuce shekara 26 ba. Ya zauna a Isfahan, babban birnin daular, kimanin shekara 18, kuma su ne shekarun da ya fi samun kwanciyar hankali a rayuwarsa.

Aikin ba mai sauƙi ba ne, domin madubin hangen nesa bai zo ba sai bayan shekara 500 da ɗoriya. Hanyar da masana zamanin ke bi ita ce su auna tsayin rana a sama daidai tsakar rana, kullum, da manyan ma'aunai masu zanen digiri. A Isfahan, ranar daidaito, rana takan kai digiri 57 da ɗan ƙari. A kwanakin nan tsayinta yana ƙaruwa da kimanin kashi 24 cikin 60 na digiri a kowace rana, watau kashi ɗaya a kowace sa'a. Ma'anar wannan ita ce, idan mai awo ya kuskure da kashi ɗaya tak cikin 60 na digiri, ya kuskure lokacin daidaito da sa'a guda. Shi ya sa aikin ya bukaci shekaru ana maimaita awo ana gwada shi da na magabata.

An fara sabuwar ƙidaya ranar Juma'a, 15 ga Maris, 1079, bisa lissafin Rumawa na wancan zamani, cikin watan Ramadan na shekara ta 471. A tsohuwar ƙidaya ranar ita ce 19 ga watan Farwardin, sai aka mai da ita 1 ga wata, aka ɗauki kwana 18 da suka gabata a matsayin cikon giɓi. An bar wa watanni sunayensu na da, aka sa wa kalandar suna Jalali, daga laƙabin sarki, Jalalud Daula.

Muhimmin abu a nan shi ne ƙa'idar da aka kafa, kamar yadda Nasiruddini Aɗɗusi ya bayyana ta a ƙarni na 13. Daidaito sa'a ce guda, tana iya faɗowa da dare ko da hantsi ko da la'asar, shekara kuwa dole ta fara da cikakkiyar rana. Sai aka sa tsakar rana ta zama alƙali. Idan rana ta shiga Hamalu kafin zawali, wannan yini shi ne Nauruz, idan kuwa bayan zawali ta shiga, sai gobe. Da yake sa'ar daidaito tana jinkirta da kimanin sa'a 5 da minti 49 kowace shekara, wata shekarar da kanta za ta zo da kwana 366, ba tare da kowa ya yanka mata doka ba. Galibi hakan na faruwa bayan shekara huɗu, jifa-jifa kuma bayan biyar, abin da ke ba da shekarun kabisa 8 a cikin 33. Idan aka raba, tsawon shekara ya zama kwana 365.2424, wanda ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin daidaiton Maris da na Maris mai bi masa. Wanda ya dogara ga doka ta ƙidaya, kome kyanta, ɗan kuskuren da ke cikinta zai yi ta taruwa. Wanda ya koma ga rana kowace shekara kuwa, kuskurensa ba ya kwana biyu.

Kwatanci da Turai zai ƙara fito da wannan. Kalandar Yuliyas Kaisar tana ƙara kwana ɗaya kowace shekara huɗu ba fashi, ta ɗauki shekara kwana 365 da rubu'i, ta zarce gaskiya da kimanin minti 11, watau kwana guda a shekara 128. Coci ta riƙe 21 ga Maris a matsayin ranar daidaito domin lissafin bikin Ista, ga shi kuwa a 1079 masanan Isfahan sun same shi kwana 6 kafin haka. Ba a gyara ba sai 1582, lokacin da Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana 10, Ingila ma ba ta bi ba sai 1752.

A cikin waɗannan shekaru Hayyam bai bar sauran fannoni ba. A ƙarshen 1077 ya kammala sharhi a kan wuraren da suka shige duhu a littafin Uƙlidis, musamman batun layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗuwa. Ya yi rubutu a kan falsafa, da kuma yadda ake gane yawan zinariya da azurfa a cikin abin da aka gauraya su ta hanyar auna shi a iska da cikin ruwa. An kuma tsara jadawalin taurari da sunan Malik Shah, wanda ɗan guntunsa kaɗai ya saura.

Rasuwar Majiɓinta da Sauran Kwanakinsa

Malamin fada, ƙarfinsa ƙarfin mai riƙe da shi ne. A watan Oktoba na 1092 aka soke Nizamul Mulki da wuƙa a kan hanya kusa da Nahawand, bayan wata ɗaya kuma Malik Shah ya rasu a Bagadaza. 'Ya'yan sarki suka shiga yaƙin gado, kuɗin gidan nazarin taurari ya yanke, aikin ya tsaya. Hayyam yana da shekara 44, ya rasa inuwar da yake ciki. Alƙifɗi, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 13, ya ce mutane sun fara sukar aƙidarsa, har ya ji tsoron ransa, ya kame bakinsa da alƙalaminsa, ya tafi aikin hajji. Da ya biyo ta Bagadaza masu sha'awar ilmin magabata suka taru a ƙofarsa, ya ƙi buɗe musu. Ya komo Naisabur ya zauna yana koyar da 'yan ɗalibai kaɗan.

Bai rabu da fada gaba ɗaya ba. Baihaƙi ya ce ya taɓa duba Sanjar, ɗan Malik Shah, yana yaro yana fama da agana, da ya fito ya faɗi cewa halin yaron abin tsoro ne, wani bawa ya kai wa Sanjar maganar, shi kuwa ya riƙe ta a zuci har bayan ya warke. Nizami Arudi, marubucin littafin Maƙaloli Huɗu, ya kawo labarin wani lokacin sanyi a birnin Marw, a shekara ta 508 ta Hijira, da sarki ya aiko a zaɓa masa kwanakin farauta waɗanda ba ruwa ba ƙanƙara. Hayyam ya zaɓa, sarki ya hau, sai ga hadari da ƙanƙara, mutane suka yi dariya, amma ya ce a ci gaba, gari kuwa ya washe har kwana biyar. Duk da haka Arudi ya shaida cewa bai ga Hayyam yana ba da gaskiya ga duban taurari don sanin gaibu ba. Awo da lissafi su ne sana'arsa.

Shi dai Arudi ya zauna da shi a Balh a shekara ta 506, ya ji shi yana cewa kabarinsa zai kasance a wurin da itatuwa za su riƙa zubo masa fure. Labarin rasuwarsa kuwa surukinsa, Imam Muhammad Albagdadi, ya ba Baihaƙi. Yana karanta littafin Asshifa na Ibn Sina, da ya kai babin da ke magana a kan ɗaya da yawa, sai ya sa tsinken sakacensa na zinariya tsakanin takardu ya rufe, ya kira mutane ya yi wasiyya. Bai ƙara ci ko sha ba har ya yi sallar lisha, ya yi sujada yana neman gafara, rai ya yi halinsa. Ranar da aka fi ambata ita ce 4 ga Disamba, 1131, yana da shekara 83. A shekara ta 530 Arudi ya ziyarci kabarin a Naisabur, ya same shi a gindin katangar wani lambu, rassa sun leƙo ta bisa, fure ya rufe shi ruf, ya tuna maganar Balh, ya fashe da kuka.

Abin da ya Bari

Baihaƙi da Arudi, waɗanda suka gan shi da idonsu, ba wanda ya kira shi mawaƙin Farisanci a cikinsu. Arudi ma yana da babi guda a kan mawaƙa, amma a babin masana taurari ya sa shi. Sai bayan rasuwarsa da shekaru aka fara jingina masa baitoci masu ɗango huɗu, waɗanda ake kira ruba'iyyat, kuma yawansu ya yi ta ƙaruwa daga ƙarni zuwa ƙarni. Wani kundi da aka rubuta a 1460, wanda ke ajiye a Okasfod, yana da 158, na baya kuwa sun haura dubu, cikinsu har da waɗanda ake samu a diwanin wasu mawaƙa. A 1859 wani Bature ɗan Ingila, Edward FitzGerald, ya fitar da 75 cikin Ingilishi, ya sarrafa su yadda ya ga dama, suka karɓu ƙwarai, har sunan Hayyam ya zama na mai giya da shagala a idon Turawa. Ta haka abin da ake tantama a kansa ya rufe abin da aka tabbatar nasa ne.

Kalandar Jalali ba ta kori ta Hijira ba, ba a kuma yi ta don haka ba. Ibada ta ci gaba da bin wata, masu jadawalin shekara kuwa suka riƙe Nauruz a inda aka kafa shi. A 1925 majalisar Iran ta yi doka ta mai da shekarar rana kalandar hukuma, ana ƙidaya shekarunta daga Hijira, mafarinta kuwa daidaiton Maris, bisa ƙa'idar nan ta tsakar rana. Watanni 6 na farko suna da kwana 31, biyar masu bi musu 30, na ƙarshe 29 ko 30. Wannan rabo ma daga rana aka ɗauko shi, domin daga daidaiton Maris zuwa na Satumba kwana 186 ne da 'yan sa'o'i, daga na Satumba zuwa na Maris kuwa bai cika 179 ba. Har yau iyalai a Iran sukan taru su jira sa'ar da rana za ta ƙetare, ko da tsakar dare ta faɗo, a sanar da ita har da daƙiƙa. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da 21 ga Maris a matsayin ranar Nauruz ta duniya. A Naisabur kuwa an gina sabuwar hubbare a kan kabarinsa a 1963.

Kammalawa

An ga yadda Umar Hayyam ya tashi a Naisabur, ya yi suna a Samarƙandi, ya yi babban aikinsa a Isfahan, sa'an nan ya ƙare kwanakinsa cikin taka-tsantsan bayan rasuwar waɗanda suka riƙe shi. An kuma ga cewa mafarin lokacin shekara abu ne da mutane ke yankewa, kuma yankewar tana da sakamako a kan mai gona da mai karɓar haraji. Gudummawar Hayyam da abokan aikinsa ita ce sun zaɓi alamar da kowane mai ma'auni zai iya bincika da kansa, suka kuma sa kalanda ta riƙa komawa gare ta kowace shekara. Daular Saljuƙawa ta watse, gidan nazarin taurarin bai wuce shekara 18 yana aiki ba, amma Nauruz, wanda a da yake gusawa da kwana 25 a kowace shekara 100, yana nan a daidaiton Maris tun daga 1079.